Yatsu Uku a Bangon Cocin Rabah

Babana magini ne, kuma yatsunsa tara. Ƙaramin yatsansa na hannun dama azara ta datse shi tun yana saurayi, ranar da yake taya kakana rufin wani soro a Wurno. Wanda ya taɓa ganin yaɓen hannu ya san magini in ya shafa laka a bango yakan bar shatin yatsu huɗu, layi-layi, daga sama har ƙasa. To, na Baba uku ne. Duk Wurno an san wannan. Ko yaro ka ɗauka ka zagaya da shi unguwa, zai nuna maka katangar da Baba ya yaɓe, ba sai an gaya masa ba.

Akwai al'ada a unguwarmu. Kowace shekara, in zafi ya tsananta, kafin ruwan farko, akan sa ranar yaɓen masallaci. Samari su haƙo ƙasa su tattaka ta da ƙafa, mata da 'yan mata su yi ta jigilar ruwa daga rijiya, tsofaffi su zauna gindin iccen bedi suna ba da umarnin da ba wanda ya tambaye su. Amma ba mai taɓa bango sai Baba ya hau tsani ya manna dunƙulen farko a bangon alƙibla, ya shafa da bisimilla. Ubansa ne ke yin haka kafin shi. Ba a biyan ko anini. Ranar yakan yi wanka tun da safe, ya sa farar taguwarsa, wadda ya san laka za ta lalata, Inna tana mita yana yi kamar bai ji ba. Mutum ne da bai damu da riga ba, bai damu da doki ba, ko gaisuwarsa gajeruwa ce. Wannan dunƙulen laka ɗaya shi ne duk sarautarsa a duniya.

Yaran da sunka koyi gini a hannunsa kuwa, wauta ta sa duk sunka ɗauki wata ɗabi'a. In za su yi yaɓe sai su lanƙwashe ƙaramin yatsa, don nasu ma ya fito layi uku irin na maigida. Wai ado. Masu gida ma sun fi son haka, don a wuce a ce aikin gidanmu ne. Wanda ya fi kowa iya wannan kwaikwayo shi ne Bappa, ƙanen Baba, wanda Baba ya goya tun yana ɗan tatsitsi bayan rasuwar iyayensu. Siririn mutum ne, mai siririn hannu, mai sanyin magana, irin mutanen da in sun gaishe ka sai ka ji kamar kai ne ka yi masu laifi.

Shekarar da abin ya faru zamanin Nasara ne, Di'o, Baturen mulki, yana zuwa rangadi bisa doki. Ni kuma mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gidanmu, don haka komi a kan idona anka yi shi. Da rani Baba ya ɗauki jakinsa ya tafi Goronyo shi kaɗai, ya ce wani falke ya kira shi ginin soro. Bappa ya ce shi Sakkwato za shi cin rani. A wannan ranin ne leburorin hanya, mutanen kudu da Nasara sunka kawo sunka yi sansani bayan garin Rabah, sunka tashi da ɗakin ibadarsu. 'Yan Katolika ne, masu limamin nan Bature da suke ce wa Fada. Da bukka sunka kafa da ba wanda zai kula. Amma gini ne na ƙasa sosai, da rufin soro, da bakan gizo har uku a ciki, an ɗaure da azara. Kuma kowa ya san mutumin kudu bai iya ɗaurin baka ba.

Wanzamin unguwarmu ne ya kawo labari. Allah ya jiƙansa tun da ya riga mu, amma ban taɓa ganin mutum mai ƙaiƙayin baki irinsa ba. Yakan ci kasuwar Rabah da zabirarsa, to ranar nan tsegumi ya kai shi ya leƙa ɗakin ta taga. Ya dawo bai ko sauke zabira ba ya zarce zauren liman. Kafin la'asar har matan da ke cikin kulle sun ji cewa bangon cocin Nasara, ciki da waje, yatsu uku ne.

Anka kira Baba zauren mai unguwa. Mu mata muna bayan zana muna ji. Ya ce shi Goronyo ya yi rani, ya rantse. Anka ce a tambayi falken, sai anka tarar ya kama hanyar Makka a ƙasa da iyalinsa, tafiyar da ba a sa mata ranar dawowa. Mutanen Goronyo da anka tuntuɓa sunka ce i, sun gan shi, amma rani dogo ne, ba su iya cewa kullum suna ganinsa. Tun a gida Inna ta roƙe shi, har da kuka, ya faɗi abin da kowa ya sani, cewa duk yaransa lanƙwashe yatsa suke yi. Ya ce shi ba ya sauke kaya daga kansa ya ɗora wa yaran da sunka ci tuwo a gidansa. Wani dattijo mai tsoron Allah ne ya tayar da zancen a zauren. Anka kira yaran ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗan banza ya ware yatsu biyar a gaban mutane ya ce shi bai taɓa lanƙwashe komi ba, ƙage ne.

Sai anka juya ga Bappa. Yana zaune a gefe, hannuwansa cikin riga. Mai unguwa ya tambaye shi ko ya san wani abu. Ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Ranka shi daɗe, yayana na. Ba ni cewa komi."

Wallahi da ya tashi ya ce da idonsa ya ga Baba bisa tsanin cocin da ya fi sauƙi. Kowa a zauren ya gyaɗa kai, ana tausayin ƙane mai rufa wa wansa asiri. Ba wanda ya tambaye shi gidan wa ya sauka a Sakkwato.

Ba a yanke hukunci ba. Mutanenmu ba su yanke irin wannan hukunci a fili, sun fi ƙwarewa a abin da ya fi shi zafi. Liman ya aiko a gaya wa Baba wai bana ya huta, shekaru sun ja, a bar yara su taɓa.

Ranar yaɓe ta zo, ya yi wankansa, ya sa farar taguwa, ya fita. Ina cikin masu ɗaukar ruwa, tulu a kaina, na gan shi ya sha kwana ya tsaya cak. Samari ne bisa tsani da fartanya suna kankare bangon masallaci. Ba a taɓa yin haka ba, sabon yaɓe bisa tsoho ake ɗorawa. Amma na'ibin liman ya ce hannun da ya yi wa gicciye ɗaki bai kamata shatinsa ya kwana a ɗakin Allah ba. Sunka kankare na bara, sunka tarar da na bara waccan a ƙarƙashi, shi ma uku, sunka ci gaba. Aikin shekaru ya zubo ƙasa ya zama gari, anka share shi anka zuba a kwandon jaki. Sannan Bappa ya hau tsani da dunƙulen farko, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ware yatsunsa duka biyar kamar mai shirin mari, ya shafa.

Baba yana tsaye ba wanda ya ce masa sannu. Can wani yaro da bai fi sa'ar ɗansa ba ya ce masa in lada yake nema ga laka can tana son ƙafa. Na so in sauke tulun nan a kan yaron. Baba kuwa ya naɗe wandonsa, ya shiga ramin laka cikin samari, ya yi ta tattakawa har azahar. Ya dawo gida taguwar ta yi kaca-kaca kamar kowace shekara, sai dai bana daga ƙasa ta ɓaci.

Daga nan abin ya bi gari. Masu gidan da da suke alfahari da yatsu uku sunka sa anka shafe. Kiran aiki ya ɗauke. A masallaci in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa, a bar 'yar kafa tsakani. In ya miƙa hannu a gaisa, sai a ba shi kan yatsu a janye. Yara in sun hango shi sai su ɗaga yatsu uku su ruga suna dariya, uwayensu na jin su. Ni na sha kama ɗan wani in murɗe masa kunne, in uwar ta fito in haɗa da ita. Bai rage komi ba, sai ƙarin suna da na samu, wai ɗiyar maginin coci ta fi ubanta tsiya.

Bangon ƙasa kowace shekara sabuwar fuska yake yi. Ba a yi wasu shekaru masu yawa ba sai da ya zama duk Wurno ba katanga ɗaya mai yatsu uku, in ba ta bayan ɗakin Inna ba, ita ma damina ta cinye ta. Bappa ya zama shi ne magini. Ya yi ƙiba, ya sayi doki. Duk kaka yakan aiko mana da damin gero, ya zo da kansa ya durƙusa ya gaida Baba, yana Yaya kaza Yaya kaza. Na tsani geron nan. Na sha cewa a mayar masa, Inna ta ce in mayar in ga abin da za mu ci. Ni na daka shi, ni na tuka, kuma na ci.

Duk da haka Baba bai fasa ba. Kowace ranar yaɓe sai ya yi wanka ya sa farar taguwa ya tafi ya tsaya kusa da tsani, ko Allah zai sa wani ya ce bisimilla, hau. In ba a ce ba ya naɗe wando. Har idonsa ya fara yana, ya zama sai an nuna masa inda ramin yake.

Sai tsohon liman ya rasu, anka naɗa wani, mutum mai sauƙin kai wanda ya yi karatu a wani gari. Shi ne ya ce wannan zance ya isa haka. Ya ce a tafi Rabah a tambayi masu ɗakin da kansu, in sun ce ba Baba ne ya gina ba, to bana shi zai sa dunƙulen farko, wanda duk bai so ba ya bar unguwar. Ya haɗa mu da shaidu biyu, wanzamin nan da wani ladani. Inna ta wanke farar taguwa ta sa mata bula tun ba a tafi ba. Ni na ja jakin, don Baba ba ya ganin hanya sosai. Tun da nake ban taɓa jin shi yana hira irin ta ranar ba. Ya ba ni labarin kakana, ya gaya mani ƙasar wace fadama ta fi kama bango, har ya tsokani wanzamin.

Munka isa ranar kasuwa, da hantsi. Sansanin leburori ya tashi tuntuni, hanya ta yi gaba da su, saura 'yan gidaje na masu awon gyaɗa da wani malamin asibiti. Ɗakin yana nan shi kaɗai a fili. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa kowa daɗi ba: ban taɓa ganin gini mai kyansa ba. Ba babba ba ne. Amma bakan nan uku sun tashi sun haɗe a sama da ɗan tsini, ba ko ɗan karkata, kuma ciki sanyi kamar randa. Waje an sha shafe shi, amma ciki ba a taɓa ba tun ranar da anka gama. Daga ƙasa har rufi, layi uku, layi uku.

Mai kula da wurin wani mutumin kudu ne mai gajeren wando, malamin cocin, yana jin Hausa sarai. Bai daɗe da zuwa ba. Ya bar mu munka shiga don yana son a yaba. Ladani ya yi masa bayani, ya nuna Baba, ya ce ana tuhumar wannan tsoho da gina ɗakin nan, shin haka ne?

Mutumin ya dubi Baba tun daga tsagaggen dunduniya har rawani, ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce wannan? Ya ce ai ginin nan aikin wani babban Bature ne mai zanen coci a Ingila, wanda ya mutu tun zamanin tsohuwar sarauniyarsu, tun Nasara ba su zo ƙasar nan ba. Fada ne ya faɗa, ya ce duk wanda ya san coci-cocin mutumin a can, da ya ga tsinin bakan nan ya san nasa ne. Wai har wani Bature ya zo daga nesa ya ɗauki hoto, shi kuma ya ce a'a, ya fi kama da na ɗan mutumin, don ɗan ya kwaikwayi uban har ba a rarrabewa, sunka yi ta musu shi da Fada a nan bakin ƙofa. Amma ko uban ko ɗan, in ji shi, hankalin Bature ne. Ladani ya ce to wa ya ɗaura azarar, wa ya yi yaɓen? Mutumin ya ce leburori mana, wa ke riƙe sunan lebura? Ya ce mu dubi tsohon nan da kyau mu gaya masa ko ya yi kama da wanda zai iya wannan.

Ladani ya ce alhamdu lillahi. Wanzami ya ɓata rai, amma shi ma ya ce ya ji da kunnensa, masu ɗaki sun ce ba shi ba ne, magana ta ƙare. Ni kuwa murna ta cika ni. Zagin da mutumin ya yi mana ko a jikina, na ce a raina ya ƙara ma in yana so. Na juya in kama hannun Baba mu fita.

Ba ya kusa da ni. Ya lallaba ya kai bango, ya ɗora hannun dama a kai, yana bi a hankali. Ya bi har gindin baka, ya ɗaga hannu iyakar tsawonsa yana shafa inda ta fara lanƙwasa, ya koma ɗaya gefen ya sake. Na kira shi bai waiwayo ba. Na matsa kusa, na ga ya sa yatsunsa uku cikin shatin yana jan su ƙasa. Malamin cocin ya daka masa tsawa ya ɗauke hannu kada ya ɓata masu bango.

Baba bai ɗauke ba. Ya juyo da fuskarsa wajen muryar, ya ce, ba da ƙarfi ba:

"Bature bai taɓa bangon ga ba. Ni nig gina shi."

Mutumin ya sake fashewa da dariya, har yana riƙe ciki. Ya ce tsufa ya taɓa kan baba, a kai shi gida a ba shi fura. Ya kama shi ta kafaɗa ya tura waje, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Shi ko kaɗan bai yarda ba. Ladani kuwa ya yi salati ya kau da kai. Wanzami ko sallama bai yi mana ba, ya saɓi zabira ya kama hanyar Wurno da sauri kamar wanda anka aika.

A hanya na yi wa ubana abin da ɗiya ba ta yi wa uba. Na ce masa an ba shi abin da ya yi shekaru yana tattaka laka dominsa, a tafin hannu, ya zubar. Na ce ya tuna Inna da taguwar da ta wanke. Na ce ya rantse a zauren mai unguwa, yanzu wace rantsuwar za mu riƙe? Da na gaji da faɗa, can wajen gonakin Magarya, sai na tambaye shi abin da ke cina. Na ce na gani da idona, yatsunsa ba su zauna cikin shatin nan ba, shatin ya yi masu ƙanƙanta, na siririn hannu ne.

Ya ce, "Laka tana tsukewa in ta bushe."

Na ce, "Baba, don Allah, kai na ko ba kai na ba?"

Ya ce in ja jakin, rana tana yi.

Gaskiya ne laka tana tsukewa, ɗiyar magini ce ni, na sani. Ko tana tsukewa har haka, wannan ne ban sani ba, kuma har yau da nake rubuta wannan ban sani ba. Wani lokaci in ce shi ne, ya yi don wani dalili nasa ya ɓoye. Wani lokaci in ce ƙanensa ya rufa wa asiri har ƙarshe. Abin da na fi zato shi ne bai iya jurewa ba a ɗauki bango na ƙarshe a duniya mai yatsu uku a ba wani mataccen Bature da ko ƙasar Rabah bai taɓa takawa ba.

Kafin mu iso labari ya riga mu. Sabon liman bai sake tayar da zancen ba. Ranar yaɓen shekarar Baba ya yi wanka ya sa taguwar mai bula ya fita, sai ga shi ya dawo tun hantsi bai yi ba, fes da shi, ko ɗigon laka babu. An ce masa ramin ma ya cika, ba wuri. Ya cire taguwar ya ninke ya ba Inna, bai sake tambayarta ba. Da kaka Bappa ya aiko da gero kamar kullum.

Bai ga wata ranar yaɓen ba. Cikin sanyi ya rasu, bayan 'yar jinya. Mutane sun zo jana'iza ba laifi, don gawa ba a yi mata ƙyashi. Mu mata ba mu zuwa maƙabarta, sai abin da anka gaya mana. In an sa mamaci an jera itace bisa ramin, akan liƙe da laka don kada ƙasa ta zubo masa, kuma na kusa da shi ake ba wannan aiki. Bappa anka ba. Wanzamin nan yana tsaye a kansa, kuma shi ne ya zo har ƙofar gidanmu bayan kwana biyu ya gaya mani, muryarsa ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji daga gare shi ba. Ya ce Bappa ya durƙusa yana kuka, ya ɗebi laka ya manna, ya shafa daga kai zuwa ƙafa, kuma ƙaramin yatsansa a lanƙwashe yake. Ya ce layi uku sunka fito, sarai, kowa na wurin ya gani.

Na ce to mi anka ce? Ya ce ba a ce komi ba, anka tura ƙasa.